Ƙarfen Suwidin da dokar 1747: daji ake karewa ko farashi?

Nafisa:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina shirya takarda kan tattalin arzikin ƙarfe a Suwidin tsakanin 1600 da 1800, kuma akwai wuri ɗaya da ya tsaya mini a wuya. A 1747 hukumarsu ta hana buɗe sababbin maƙerun sandar ƙarfe, ta kuma ƙayyade wa tsofaffin yawan abin da kowace za ta ƙera a shekara. Ba a sassauta sosai ba sai 1803. To ƙasar da sandar ƙarfe ce kusan kashi 70 cikin ɗari na darajar kayan da take fitarwa, ga Ingila na nema ruwa a jallo, me zai sa ta ɗaure hannunta da kanta? Hukuma ta ce daji take karewa. Eli Heckscher, masanin tarihin tattalin arzikin Suwidin, ya ce farashi ake karewa. Wa zan bi?

Ɗan'azumi:
Wa'alaikumus salam. Suwidin kuma? Ni ban san su da komai ba sai ƙanƙara da motar Volvo.

Malam Tukur:
Ɗan'azumi, wannan motar jikanyar ƙarfen da ake magana ce, ka zauna ka ji.

Nafisa 'yata, ni tsohon almajirin Heckscher ne a takarda, kuma har gobe ina ganin ya hango gaskiya. Ki dubi kasuwa tukuna. A shekarun 1720 sama da kashi uku cikin huɗu na sandar ƙarfen da Ingila ke shigowa da ita daga Suwidin take zuwa. Wanda ya riƙe kasuwa haka, in ya rage kaya farashi zai tashi, ba sai an yi masa karatu ba. Kuma ki lura, a wannan shekara ta 1747 ɗin aka kafa Jernkontoret, ƙungiyar masu maƙerun, wadda aikinta na farko shi ne ba su bashi don kada talauci ya sa su karyar da kaya ga dillalan Stockholm, da sayen ƙarfe ta ajiye in kasuwa ta faɗi. Doka ta rage kaya, ƙungiya ta tare farashi, duk a shekara guda. In wannan ba haɗa baki ba ne, a gaya mini sunansa.

Ba kuma karon farko ba ne. Sun yi irin wannan dabara da jan ƙarfe tun 1624, lokacin da suka fara buga kuɗi da shi don su janye shi daga kasuwar Amstadam farashi ya ɗaga.

Dokta Hauwa:
Malam, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da Jernkontoret haka yake. Inda nake ja da baya shi ne tambayar kanta, domin an gina ta kamar dole ɗaya ya zama gaskiya ɗaya ƙarya. Heckscher mutum ne mai son kasuwa ta tafi da kanta, kuma ya rubuta babban tarihinsa tsakanin 1935 da 1949 yana kallon abin daga sama: dokoki, alƙaluman kwastan, muhawarar majalisa. Karl-Gustaf Hildebrand da waɗanda suka biyo bayansa sun sauko ƙasa, suka buɗe littattafan lissafin maƙerun su kansu. Abin da ke cin kuɗi a can ba tama ba ce, ba ladan maƙeri ba ne. Gawayi ne da jigila.

Nafisa, riƙe wannan: idan takardar hukuma ta ce daji, kada ki hango masu son itatuwa. Gawayi suke nufi. Gawayi kuwa manoma ne ke ƙona shi, su ɗauko a kan keken ƙanƙara da hunturu. Ba ya jure tafiya mai nisa, yana murƙushewa ya zama gari, saboda haka kowace maƙera tana rayuwa ne da manoman da ke kewaye da ita. Ki kafa sabuwar maƙera kusa da tsohuwa, nan take manomi ya samu masu saye biyu, ya fara taya farashi. Wannan shi ne abin da tsofaffin masu maƙeru ba sa so. Dokar ta kare farashin sanda a Landan, ta kuma danne farashin gawayi a ƙauye. Na biyun ne Heckscher bai ba shi nauyin da ya kamata ba.

Malam Tukur:
Ai kin ƙara mini hujja ne, Dokta. Haɗa baki a waje, haɗa baki a gida.

Dokta Hauwa:
Na ƙara maka, amma na sauya wanda aka cuta. A labarinka Bature mai saye a Ingila ne ya ji jiki. A nawa manomin yankunan ƙarfe na Bergslagen da Värmland ne.

Injiniya Bello:
A ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aikin, don sai an ga yadda ake yinsa za a gane dalilin da gawayi ya zama sarki.

Mataki uku ne. Na farko haƙo tama. Kafin albarushi ya yaɗu a ramukansu, itace ake jibgawa a jikin dutse a cinna wuta, dutsen ya tsage a farfasa. Daji ya fara tafiya tun nan. Na biyu narkawa a doguwar tanderu, zuga-zugai na aiki da ƙarfin ruwa, a fitar da ɗanyen ƙarfe mai gautsi, wanda ba ya ƙeruwa. Wannan fasaha tsohuwa ce a wurinsu, an tono tanderun Lapphyttan kusa da Norberg an ga ta kai ƙarni na 12. Na uku a sake narka ɗanyen a murhu a ƙone yawan gawayin da ya shiga jikinsa, a kai ƙarƙashin ƙatuwar guduma da ruwa ke ɗagawa, a miƙe shi ya zama sanda. Kowane mataki wuta, kowace wuta itace. Ga shi Suwidin ba ta da kwal ɗin ƙasa na kirki.

Shi ya sa tun ƙarni na 17 hukumar ma'adinai, Bergskollegium, wadda asalinta ya koma 1637, ta raba aikin gida biyu. Haƙa da narkawa aka bar wa manoma masu hannun jari a tanderu a cikin Bergslagen. Ƙera sanda aka tura waje, Värmland da gaɓar arewa, inda daji bai taɓu ba, a hannun attajirai. Wato dokar 1747 ba daga sama ta faɗo ba, an shekara ɗari ana rabon daji da alƙalami kafin ita.

Mamman Sani:
Injiniya, na ji ana cewa 'yan Beljiyam ne suka koya musu ƙira. Gaskiya ne?

Injiniya Bello:
Rabin gaskiya. Maƙeran da ake kira Walonawa sun zo daga yankin Liège na Beljiyam ta yau da arewacin Faransa tun daga shekarun 1620, galibi ta hannun Louis De Geer, attajirin Amstadam haifaffen Liège. Shi ne ya kama maƙerar Finspång yana zuba igwa, ya sayar wa Sarki Gustav Adolf makamai a Yaƙin Shekara Talatin, sannan a 1643 ya mallaki maƙerun Leufsta da Österby da Gimo a Uppland. Sun zo da salon murhu biyu, ɗaya na tacewa ɗaya na zafafawa kafin duka. Amma salon Jamusawa mai murhu ɗaya, wanda ya riga su zuwa, shi ya ƙera mafi yawan sandar ƙasar. Na Walonawa bai fi kashi ɗaya cikin goma da ɗan ɗoriya ba.

Abin da ya ɗaga sunansu tamar Dannemora ce. Kusan ba ta da sinadarin fosfaras da ke sa ƙarfe karyewa in ya yi sanyi, tana kuma da manganis. Masu yin sitil a Sheffield ba su da abin da ya kai ta. Sandar Leufsta mai tambarin harafin L cikin da'ira tun kafin a ƙera ta an riga an saye, 'yan kasuwar Ingila na kokawar kwangilar shekaru.

Malam Tukur:
To ka ga. Wannan kam babu mai musun cewa kasuwa a tafin hannunsu take.

Dokta Hauwa:
Wannan ɗin kam e, Malam. Amma kashi ɗaya cikin goma ne. Sauran tara sanda ce ta gama-gari da ake yin ƙusa da ƙofato da anka, kuma ita tana da kishiya. Rasha ta buɗe maƙerun Ural da daji mara iyaka da talakawan da aka ɗaure wa aiki, zuwa shekarun 1760 ta wuce Suwidin a kasuwar Birtaniya. Masu bin Heckscher na cewa dokar ce ta buɗe wa Rasha ƙofa. Ni ina ganin ko babu doka, Suwidin ba za ta iya ninka abin da take fitarwa ba tare da farashin gawayi da na hatsi sun haukace ba. Fitarwarsu ta tsaya ne tsakanin tan 40,000 da 50,000 a rabin ƙarshe na ƙarnin, alhali buƙatar Birtaniya na ta hauhawa.

Ɗan'azumi:
Ku tsaya, ni maganar Malam ta kuɗin jan ƙarfe ce ta tsaya mini. Kamar kwabo?

Malam Tukur:
Kwabon da ba ya shiga aljihu. A 1644 suka fara buga faranti na jan ƙarfe a Avesta, mai hatimi a kusurwa huɗu da tsakiya. Mafi girma, na dala 10 (daler, kuɗin Suwidin na lokacin), nauyinsa kilo 19.7. Mutum zai biya babban bashi sai ya nemi amalanke. Wannan wahala na cikin abin da ya sa bankin Johan Palmstruch a Stockholm ya fitar da takardun kuɗi a 1661, na farko irinsu a Turai. Ya buga fiye da abin da ke cikin taska, banki ya rushe, majalisa ta kafa nata a 1668, wanda shi ne babban bankin ƙasar har yau.

Tushen duka ramin haƙar jan ƙarfe na Falun ne a Dalarna. Akwai takardar 1288 da ke nuna wani bishop na Västerås ya mallaki kashi ɗaya cikin takwas na ramin. A 1650 ya ba da kusan tan 3,000, ganiyarsa ke nan, kuma ana ƙiyasta akwai lokacin da kashi biyu cikin uku na jan ƙarfen Turai daga can yake. Da Danmak ta kama sansanin Älvsborg, yarjejeniyar Knäred ta 1613 ta ɗora wa Suwidin fansar kuɗin azurfa, riksdaler miliyan ɗaya, kuma da jan ƙarfen Falun aka biya mafi yawa. A 1687 ramin ya rufta, Allah ya sa ranar hutun tsakiyar bazara ce babu kowa a ciki.

Dokta Hauwa:
Kuma dabarar ba ta ci yadda suka so ba, Malam, tunda ka kawo ta misali. Kamfanin Holand na gabas ya riƙa shigo da jan ƙarfen Japan Amstadam, duk sanda farashi ya yi sama sai kaya su ƙaru. Suwidin ta ƙare da kuɗi iri biyu, na azurfa da na jan ƙarfe, canji tsakaninsu na ta rawa har gyaran 1776. Nafisa, wannan zai dame ki a lissafi: in kin ga dala a takarda, sai kin tabbatar wace dalar ce da kuma wace shekara.

Sale Kumasi:
Salam jama'a. Na jima ina karantawa shiru. Kuna ta Landan da Amstadam, ba wanda ya ambaci inda wani ɓangare na sandar nan ya ƙare. De Geer ɗin da Injiniya ya ambata shi ne uban Kamfanin Afirka na Suwidin da aka kafa a 1649. Su suka fara ginin da suka kira Carolusborg a nan gaɓar Gana a shekarun 1650, wanda ya bi hannu-hannu ya faɗa wa Ingilishi a 1664, shi ne Cape Coast na yau. Duk wanda ya shiga ɗakunan ƙarƙashin ginin nan ya san bayi aka ajiye a ciki.

Dokta Hauwa:
Na gode Malam Sale, nan binciken shekarun baya-bayan nan ya fi motsawa. Chris Evans da Göran Rydén sun fitar da aiki a 2007 inda suka bi sandar tun daga murhu har inda ta sauka, maimakon su tsaya a tashar jirgi kamar na da. Sun yi amfani da wasiƙun wani ɗan kasuwar Bristol, Graffin Prankard, na shekarun 1730. A ciki ana ganin yana odar wata sanda ta musamman, siririya, mai ƙayyadadden tsawo da nauyi, don jiragen bayi masu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har da yankin Kalaba. Maƙerar Gammelbo na cikin masu ƙera ta. A gaɓar, sandar kuɗi ce kuma ma'auni ce, da ita ake ƙidaya farashin mutum, sannan maƙeran wurin su sare ta su yi fartanya da adda. In awon ya kauce ko tambari bai fito ba, 'yan kasuwar gaɓa su ƙi karɓa. Wato maƙeri a dajin Suwidin yana gyara gudumarsa bisa sharaɗin da ɗan kasuwar Afirka ya gindaya.

Mamman Sani:
Ko ta iso mu nan ƙasar Hausa?

Malam Tukur:
Hanyarmu daban ce. Kayan ƙarfen Turai da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851, irin ruwan takobin Solingen da allurai, ta Sahara suka zo daga Tarabulus, kuma na Jamus ne. Maƙeranmu a lokacin tamarsu suke narkawa. Kada mu ja zaren inda bai kai ba.

Nafisa:
Dokta, in koma kan manoman gawayi. Kin ce an danne su. Ta yaya, tunda ba bayi ba ne kamar na Ural? Na karanta cewa manoman Suwidin har kujeru gare su a majalisa.

Dokta Hauwa:
Gare su kuwa, kuma sun yi ta kai ƙara kan farashin gawayi. Amma ɗaurin ta hanya uku yake zuwa. Wasu a gonar mai maƙera suke zaune, haya da gawayi suke biya. Wasu harajin da za su ba sarki aka mayar wa maƙera, su biya da gawayi da jigila. Sauran kuma doka ta hana su sayar wa kowa sai maƙerar da aka rubuta musu, kuma cinikin gawayi bai zama a sake ba sai 1846. A saman wannan ga bashi. Yankunan ƙarfe ba sa noma abin da zai ishe su, mai maƙera ne ke shigo da hatsi da gishiri da kifi ya zuba a rumbunsa. Manomi ya ɗiba da rani a rubuta, ya kawo gawayi da hunturu a cire. Shi ma mai maƙerar bashin dillalin Stockholm ne a wuyansa, dillalin kuma na ɗan kasuwar Amstadam ko Landan. Sarƙa ce guda.

Akwai masu cewa bashin nan ba zalunci ba ne zalla, shi ne ke riƙe iyali a shekarar yunwa, kuma wani bashin ana yafe shi ko a bar shi ya mutu da mai shi. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ke riƙe da littafi da ma'auni shi ke da ta cewa.

Wani abu kuma, littafin yana rubuta sunan maigida kaɗai. Maƙeri ɗaya a takarda gida guda ne a aiki: mata na kiwo da noma da ɗaukar kaya, yara na taya ƙona gawayi. Maria Ågren da abokan aikinta a Uppsala sun bi wata hanya mai wayo, suka daina neman sunan sana'a suka koma tattara aikatau daga takardun kotu, wane ya yi me, ya ɗauko, ya sayar, ya fasa dutse. Ta nan mata suka bayyana.

Malam Tukur:
Duk na ji, kuma aikin kirki ne. Sai dai ina tsoron zamanin nan da kowa ya shige littafin maƙera ɗaya ya shekara goma, a tambaye shi me ya faru da ƙasar baki ɗaya ya ce abin na da sarƙaƙiya. Heckscher ko ya yi kuskure, ya yi shi da ƙarfin hali, ya ba da amsa da za a iya kamawa a gwada.

Injiniya Bello:
Malam, ni abin da ya kashe gardamar a aikace ba doka ba ne, ba Rasha ba ce. Henry Cort ne a 1784, da ya fito da hanyar tace ƙarfe da kwal. Daga nan Birtaniya ta fara ƙera sandarta da araha, Suwidin ta koma dogaro da inganci da kasuwar Amurka, har Gustaf Ekman ya kawo salon Lancashire mai tsimin gawayi a shekarun 1830 da 1840. Sun gwada injin tururi tun 1728 a Dannemora, Mårten Triewald ya kafa, bai yi aikin kirki ba aka watsar.

Malam Tukur:
Ya kashe ta a kasuwa. A takarda tana nan da ranta, ga mu muna yi.

Nafisa:
Na gode ƙwarai. Abin da zan yi ke nan: zan bar tambayar niyyar hukuma a gabatarwa, in ɗauki farashin sanda a Stockholm da farashin gawayi a yanki ɗaya kafin 1747 da bayanta in jera su. In na Malam ne kaɗai, sanda za ta tashi gawayi ya bi ta. In na Dokta ne, tazara za ta buɗe. Yawan fitarwa kuma zan ɗauko daga rajistar kuɗin da jirage suka riƙa biya a mashigin teku na Öresund, tsakanin Danmak da Suwidin, tunda tana intanet.

Dokta Hauwa:
Tsari mai kyau, amma ga ramuka biyu a gabanki. Na farko ma'auni. Skeppund, ma'aunin da suke auna ƙarfe da shi, ba nauyi ɗaya ba ne: kusan kilo 150 a yankin ma'adinai, 143 a garuruwan tsakiya, 136 a tashar jirgi, na ɗanyen ƙarfe kuma ya haura 190. Da gangan aka yi haka, kamar mudun ƙauye da ya fi na birni cika, rarar ce ke biyan kuɗin ɗauko kaya da abin da ya zube a hanya. In kika haɗa alƙaluman maƙera da na kwastan ba ki daidaita ba, za ki ƙirƙiro ƙaruwar kashi goma da ba ta taɓa faruwa ba.

Na biyu rajistar Öresund. Danmak ce ke karɓar kuɗin a wancan zamani, kuma an yafe wa jiragen Suwidin biya daga 1645 zuwa 1720, don haka bayanin kayansu na waɗannan shekaru ba shi da kauri. Sannan Göteborg tana gaɓar yamma, jirgin da ya tashi daga can zuwa Ingila ba ya bi ta mashigin sam. Ƙarfen Värmland kusan duka ta can yake fita. Sai kin haɗa da alƙaluman kwastan na Suwidin ɗin kanta, waɗanda suka zama a jere tun daga 1738.

Malam Tukur:
Ki kuma cire hauhawar farashin shekarun 1740 da 1760 kafin ki jera komai, 'yata. Takardun kuɗi sun yi yawa a lokacin yaƙi da Rasha da na Pomeraniya, komai ya tashi, har gawayin. In kin gama ki turo mu gani, ni da Dokta ba mu ƙare ba.